Matasa da Neman Muryar Kai a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da ke nazarin rubutaccen adabin Hausa, musamman waɗanda suka iso kan darasin ƙagaggun labarai. Abin da za ta duba shi ne yadda matasa, maza da mata, suka yi amfani da rubutun zube wajen faɗin abin da ke ransu da bayyana ko su wane ne, a cikin al'ummar da ta ginu a kan kunya da kawaici, inda yaro ba ya ɗaga murya a gaban manya, budurwa kuma ba ta ambaton sunan wanda take so a gaban mahaifinta. An ɗauki misalin Arewacin Nijeriya, musamman birnin Kano daga shekarun 1980, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili, kuma littattafan da aka buga a can su ne suka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da sauran wuraren da ake jin Hausa.

Idan aka ce “murya” a fagen nazarin adabi, ana nufin abin da ke sa mai karatu ya gane marubuci ko da an rufe sunansa. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su samar da ita: abin da marubucin ya zaɓa ya yi magana a kai, wanda yake yi wa maganar, da kuma irin Hausar da ya ɗauka. Duk inda wani ya yanke wa marubuci waɗannan ukun, to abin da zai fito yana iya zama littafi mai kyau, amma da wuya ya zama muryarsa. Da wannan ma'auni za mu bi tarihin.

2.0 Samarin 1933

In an ambaci Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, hoton da ke zuwa wa ɗalibi shi ne na dattawa masu manyan riguna. Ya kamata a gyara wannan hoton. Lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Imam, wanda aka haifa a 1911, yana da shekara 22 ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa, haifaffen 1912, bai kai shi ba ma. Ke nan samari ne suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito a wancan zamani. Sauran su ne Ganɗoki na Bello Kagara, wan Imam, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Ba haɗari ba ne da ya zama malaman makarantar boko ne suka amsa kiran. East da kansa ya bayyana wahalar da ya sha wajen shawo kan malamai su rubuta labarin da bai faru ba. A wurinsu alƙalami na ilimi ne da addini da tarihi. Tatsuniya kuwa aikin mata ce da yara da dare, abin da mai yin ta ke rufewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Mutumin da ya girma da wannan ra'ayi ba zai zauna ya ɓata tawada a kan “ƙarya” ba.

To amma wa ya yanke abubuwa ukun nan da muka ambata? Mai karatu dai an riga an san shi: ɗan makarantar da ake son ya sami abin karantawa da sabon rubutun boko. Hausar kuma ta bi ta hannun edita, wanda yake ƙoƙarin daidaita rubutu. Jigogin sun karkata ga yawon duniya da yaƙe-yaƙen da suka wuce da zamanin bauta. Duk da haka Imam ya nemo wa kansa hanya. Ya ɗebo daga littattafan Larabci da ya karanta, ya zuba su cikin bakin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya cika su da barkwancin da kowa ya san nasa ne. Ɗaliban da ke tsoron cewa koyi da wani marubuci zai kashe musu murya sai su lura da wannan: aro bai hana Imam zama Imam ba, domin Hausar da ya zuba aron a ciki tasa ce.

Akwai abin lura game da Jiki Magayi. Labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Wannan shi ne jigon da zai mamaye kasuwa bayan shekara hamsin. Sai dai a nan an ba da shi ne ta fuskar namijin da aka cuta da kuma fansar da ya ɗauka. Abin da ke cikin zuciyar yarinyar ba shi ne ke jan labarin ba.

3.0 Ƙofa Guda

Daga nan har ƙarshen shekarun 1970, matashin da ya rubuta labari ƙofa guda yake da ita, kuma tana Zariya: Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC daga 1966. Waɗannan sun yi wa Hausa aiki babba, amma hankalinsu ya fi karkata ga littattafan da za a sa a manhajar makarantu. Sababbin marubuta sukan fito ne idan an shirya gasa. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Ta Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta haifar da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya da wasunsu a 1982.

Littafin Hafsat Abdulwaheed ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, wato bayan kusan shekara 46 da fitowar na maza. Tauraruwarsa, Boɗaɗo, Bafulatana ce da ta kafe a kan auren wanda take so, wanda ba ɗan ƙabilarsu ba, duk da ƙin danginta. A nan ne aka fara jin yarinya tana faɗin zaɓinta da bakinta a cikin littafin Hausa da aka buga.

4.0 Yadda Aka Ɓalle Ƙofa a Kano

Abubuwa da dama ne suka haɗu a tsakiyar shekarun 1980. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Nijeriya ta fara a 1976, ya yaye yara masu yawan gaske waɗanda suka iya karatun boko da Hausa ko da Turancinsu bai nuna ba. Haka nan azuzuwan yaƙi da jahilci da na yamma sun koya wa matan aure da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu karatu da rubutu. An sami masu karatu ke nan, ba a sami abin da za su karanta ba. Na biyu, tattalin arziki ya karye. Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ya faɗar da darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja jiki suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Na uku, ƙananan maɗaba'o'i sun yawaita a cikin gari, masu buga katin biki da kalanda da rasit, kuma ba su ƙi buga littafi ba in an biya su.

Sai matasa suka daina jiran Zariya. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai a buga masa da keken rubutu, ya tara kuɗi ko ya ranta, ya kai maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Daga cikin na farko-farko akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed da Soyayya Gamon Jini na Ibrahim Hamza Abdullahi da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1987. Littattafan sirara ne, takardarsu mai araha, kuma akan raba labari guda kashi biyu ko uku ko fiye. Wannan rabon ba salo ba ne kawai, dabarar jari ce: cinikin kashi na ɗaya shi ke buga na biyu. Amma ya koma ya shafi zubin labarin, domin dole marubuci ya tsaya a inda mai karatu zai ƙagara ya nemi ci gaba. Wanda ba shi da kuɗin saye kuma ya karɓi haya, ko ya jira ƙawarsa ta gama, har littafi guda ya zaga gida goma.

Marubutan sun kuma haɗa kai cikin ƙungiyoyi, inda suke duba wa juna rubutu, su tallata wa juna littattafai a bangon baya. Wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar Ƴangurasa da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jagororinta. Sunan kansa jawabi ne. Guntun karin magana ne, “raina kama ka ga gayya”, kuma ba sai an faɗa wa Bahaushe da wa ake yi ba: da masu digiri ake, waɗanda ke ganin cewa wanda bai je jami'a ba ba shi da hurumin rubuta littafi. Shi Gidan Dabino karatun allo ya fara yi, bokonsa kuwa a ajin manya ya same shi. Yawan abin da aka buga ya kai har Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da littafi sukutum a 2004 wanda ba komai a cikinsa sai jerin sunayen ɗaruruwan waɗannan littattafai na tsakanin 1987 da 2002.

4.1 Me Suka Ce?

An fi kiran su “littattafan soyayya”, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɓoye fiye da abin da ya bayyana. Ga matashin wancan lokaci, soyayya ita ce fagen da ikon iyaye da ikon kuɗi da ikon al'ada suke haɗuwa a kansa kai tsaye. Ba shi da ta cewa a siyasa, ba shi da ita a kasuwa, amma tambayar wa zai aura ko wa za ta aura tasa ce, kuma a nan ne ake yawan yanke hukunci ba tare da an tambaye shi ba. Saboda haka wanda ya rubuta labarin soyayya yana rubutu ne a kan wa ke da iko da rayuwar wa.

A ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye. Sumayya ƴar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai, gidansu kuma sun fi son Abdulƙadir mai dukiya. Ita ce ta fara nuna so, wanda a al'adance ba a san budurwa da shi ba, kuma da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Masu suka sun ce littafin yana koya wa ƴan mata tawaye. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai ga cewa masoyan ba su taɓa fita daga da'irar addini da ladabi ba. Hujjarsu ma daga addinin suke ɗauko ta, wato cewa ba a aurar da mace ga wanda ba ta so. Wannan dabara ta yawaita a rubutun matasan: ba su ce al'ada da addini su kauce musu ba, cewa suka yi abin da ake yi musu da sunan addini al'ada ce kawai.

Balaraba Ramat Yakubu ta fi kowa kai wannan magana nesa. Ita ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba, kamar yadda ta sha faɗa da bakinta, kuma auren bai daɗe ba. A Wa Zai Auri Jahila? (1990) mun ga Abu, wadda aka cire daga makaranta, saurayinta mai ilimi ya guje ta saboda jahilcin da ba ita ta jawo wa kanta ba, aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne, na wannan shekarar dai, tauraruwar ba budurwa ba ce ma: Rabi ce, uwar ƴaƴa tara, wadda mijinta ɗan kasuwa ya wulaƙanta ya kora bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Babu wani zancen fure da wasiƙar masoya a nan. Kuɗin cefane ne da kuɗin makaranta da haƙƙin matar da aka saka. Wannan littafi ne aka fassara zuwa Turanci, Aliyu Kamal ya yi fassarar, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga a 2012.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta bi wata hanyar dabam. Taurarinta mata ne masu ilimi da sana'a da riƙon addini, waɗanda ke cin nasara a cikin gidan aure, har da gidan da ke da kishiya. Wasu manazarta na ganin wannan sassauci ne. A ganina kuskure ne a auna muryar marubuciya da yawan tawayen da ke cikin littafinta. Yarinyar da ta karanta cewa mace na iya zama likita ta kuma zama matar aure ta sami wani hoto na kanta wanda ba ta samu a Ruwan Bagaja ba.

5.0 Wace Hausa?

Wannan sashe shi ya fi shafar ɗalibin harshe, domin a nan ne ake iya kama murya da hannu.

Abu na farko shi ne maganar taurari. A tatsuniya da labaran farko, mai ba da labari ne ke riƙe da linzami, yana jero aukuwa da “sai ya”, “sai ta”, “suka”. A rubutun matasan Kano kuwa hira ta cinye shafi. Ga misali da na ƙirƙira domin a ga bambancin. Ana iya cewa: “Da yarinyar ta ji an ba da ita, sai ta yi baƙin ciki, ta shiga ɗaki.” Ana kuma iya cewa: “Ta ce, ‘Inna, ni fa ba a tambaye ni ba.’ Inna ta ce, ‘Ni da aka kawo ni gidan nan, wa ya tambaye ni?’” A jimlar farko an ba mu labarin yarinyar, a ta biyu mun ji ta, mun kuma ji uwar, har mun gane cewa ita ma an taɓa yi mata haka. Ƙananan kalmomin nan irin su fa da dai da kam da ai da mana, waɗanda ɗalibai ke yawan tsallakewa a darasin nahawu, su ne ke ɗauke da rabin ma'anar irin wannan hira. A cire fa daga maganar yarinyar a ga yadda ƙorafin ya koma sanarwa.

Na biyu, wakilin suna na mutum na farko. Labarai da yawa, musamman na mata, da “ni” ake ba da su, ko kuma marubuciya ta buɗe da cewa ta haɗu da wata baiwar Allah wadda ta zauna ta ba ta tarihinta. Wannan zubi yana yin aiki biyu. Yana ba da damar shiga cikin zuciyar tauraruwa, yana kuma ba marubuciya mafaka, tunda tana iya cewa ba ita ta faɗa ba, faɗa mata aka yi. Ga wanda ya san nauyin kunya a tarbiyyar Bahaushe, wannan mafaka ba ƙaramin abu ba ce. Abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida ya faɗu a bakin wata Abu ko wata Rabi.

Na uku, sunayen littattafan. Da yawansu rabin karin magana ne, an bar wa mai karatu ya cike: alhaki kuykuyo ne, mai shi yakan bi, allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Matasan da ake zargi da watsar da al'ada sun ɗauki mafi tsufan makamin manya suka mayar da shi kansu. Wanda ya yi magana da karin magana ya nuna cewa shi ɗan gida ne, ba a iya kore shi da cewa baƙon tunani ya kawo.

Na huɗu shi ne inda aka fi yi musu dariya, wato ƙa'idojin rubutu. Gaskiya ne littattafan cike suke da “yace” da “tace” a maimakon “ya ce” da “ta ce”, da “akan” inda ake nufin “a kan”, da haruffa masu lanƙwasa da aka bari ba lanƙwasa, har “ƙafa” ta koma “kafa”. Dalilan a fili suke: babu edita, keken rubutun na Turanci ne, marubutan kuma ba wanda ya koya musu ƙa'idar. Ɗalibi ya rarrabe abu biyu a nan. Haɗe “ya ce” kuskure ne, ba murya ba ce, kuma gyara shi ba ya rage wa labari komai. Amma sa wa tauraro Hausar unguwarsu, ko bar wa ɗan makaranta kalmomin Turancin da yake cusawa a magana, ko sa wa ustazu Larabcinsa, wannan zaɓi ne, kuma editan da ya goge shi da sunan daidaitacciyar Hausa ya goge mutumin ne.

Matsalar ta fi tsanani ga wanda ke rubutu a wajen Kano. Matashin Maraɗi ko Tawa da ya zauna zai rubuta labari, tun a shafin farko zai yanke shawara: tauraronsa “lakwal” zai tafi ko “makaranta”? “Mushe” zai gaida ko “malam”? “Mato” zai hau ko “mota”? In ya bi Kananci, kasuwarsa ta faɗaɗa, amma yaran da ke cikin labarin sun daina kama da waɗanda ya tashi da su. In ya bi Hausar garinsu da kalmomin da ta aro daga Faransanci, mai karatu a Kano zai yi tuntuɓe. Haka ɗan zango a Kumasi, wanda Hausarsa ba ta cika rarrabe jinsin namiji da ta mace ba, zai ji ana ce masa Hausar tasa “ba daidai” ba ce. Mafitar da marubuta da dama suka bi, a Hausa da wasu harsunan, ita ce mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, taurari kuwa kowa ya yi magana da bakinsa. Ba ita kaɗai ce mafita ba, amma tana da kyau a gwada ta a darasin rubutu.

6.0 Suka da Takunkumi

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubutun suna “Adabin Kasuwar Kano”, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan Turanci da aka yi yayi a kasuwar Onica, yana nufin abu ne na ɗan lokaci wanda ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya wa marubutan, aka yi ta musayar ra'ayi a jaridu cikin shekarun 1990, musamman a shafin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi. An kuma zarge su da kwaikwayon finafinan Indiya. Zargin yana da tushe, domin Hausawa sun shafe shekaru suna kallon waɗannan finafinai. Sai dai, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na 1997, abin da ya ja matasan shi ne sun ga matsalarsu a ciki, wato auren dole da rikicin so da biyayyar iyaye, a wata al'ummar da ba ta Turawa ba.

Daga baya maganar ta bar shafin jarida. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona wasu littattafai da aka karɓe daga hannun ƴan makarantar mata, kuma a shekarun da suka biyo baya hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista su kuma riƙa kai rubutunsu a duba kafin bugawa, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta.

Sai dai akwai wani takunkumin da ba hukuma ce ta sa shi ba, kuma a ganina ya fi cin murya. Kasuwar da ta ƴantar da matasa daga editan Zariya ita ma edita ce, kuma ba ta da haƙuri. Da zarar littafi ya karɓu, sai a sami ashirin masu kama da shi: kyakkyawar yarinya fara mai dogon gashi, saurayi ɗan attajiri, muguwar kishiya, boka, hatsarin mota. Mai sayar da littattafai yakan gaya wa sabon marubuci irin abin da ke tafiya. Wanda ya gudo daga faɗin abin da malamai ke so sai ya wayi gari yana faɗin abin da dillali ke so. A nan masu sukar suna da gaskiyarsu, ko da yake hasashensu na cewa abin zai mutu bai tabbata ba. Da yawa daga cikin marubutan ma sun koma harkar finafinan bidiyo, wadda ta tashi a Kano daga 1990, suka mayar da littattafansu fim.

7.0 Daga Kasuwa Zuwa Waya

Cinikin littafin takarda ya ja baya ƙwarai tun da wayar salula mai intanet ta yaɗu, amma rubutun bai ragu ba, wuri ya sauya. Yanzu matashiya na iya rubuta labari a wayarta, ta riƙa sakin sa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, sau da yawa da sunan aro. Akan saki farkon kyauta, wanda ke son ci gaba ya biya ta banki ko da katin waya. Tsohuwar dabarar kashi na ɗaya da na biyu ce ta dawo da sabuwar riga. Jarin bugawa ya faɗi, iyakar ƙasa ma ta faɗi, tunda mai karatu a Agadas da mai karatu a Jidda suna samun shafin a minti guda. Sunan aro kuma ya ba da mafakar da ta fi ta “wata baiwar Allah ta ba ni labari” ƙarfi, shi ya sa ake taɓo batutuwan da a da ba a taɓawa, kamar fyaɗe da shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa, shi ya sa kuma batsa ta sami ƙofa.

Gasa ma ta dawo. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla a 2016, kuma labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu yake, ba a kan soyayya ba. Gajeren labari mai iyakantattun kalmomi yana tilasta wa marubuciya abin da kasuwa ba ta taɓa tilasta mata ba, wato ta zaɓi abu guda ta faɗe shi ta tsaya.

Sabon yanayin ya zo da nasa matsalolin, kuma biyu daga ciki sun shafi mai nazari kai tsaye. Ta farko, mai karatu ya shigo cikin ɗakin rubutu. Marubuciyar da ke sakin shafi kullum tana karanta ra'ayoyin masu bibiyarta kafin ta rubuta na gobe. In suka ce kada tauraruwa ta mutu, ko a hukunta kishiya, da wuya ta ƙi, tunda su ne masu biya. Wanda zai yi nazarin jigo a irin wannan labari sai ya tambayi kansa ko ƙarshen da ya karanta na marubuciyar ne ko na zauren. Ta biyu ita ce adanawa. Littafin 1990, komai rashin kyan takardarsa, ana iya samun sa a ɗakin karatu a Kano ko a Landan. Labarin da aka saka a zauren WhatsApp kuwa yana iya ɓacewa ranar da wayar ta lalace, ko a kwafe shi a cire sunan mai shi a sa wani. Ko manyan dandamali ba su da tabbas: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye littattafansu suna sayarwa, ya rufe a ƙarshen 2023. Ɗalibin da ya zaɓi irin wannan labari domin kundin kammala karatunsa, sai ya adana kwafinsa tun ranar da ya gan shi, ya rubuta kwanan wata da sunan da marubucin ya yi amfani da shi da kuma zauren da ya samo shi, domin mai yiwuwa ne kafin ranar kare kundin babu sauran inda za a same shi.